Yadda Ake Sabunta Shafen Laimar Iska Idan Yadinta Ya Fara Yoyo

Laimar iska, wadda masu wasan ke kira kayit, ba filfilon yara ba ce. Ƙatuwar laima ce ta yadi marar nauyi, mai igiya biyu ko huɗu, wadda idan iska ta cika ta sai ta ja ƙato guda a kan keke mai ƙafa uku, ko allo mai taya, ko a kan ƙanƙara, ko a kan ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar tekun Fano ta Denmak, ko Tarifa ta Sifen, ko Assawira ta Maroko, ya ga yadda suke cika sama kamar shirwa a mahauta.

Wadda zan yi magana a kanta ita ce mai aljihuna. Fata biyu gare ta, ta sama da ta ƙasa, an raba tsakaninsu da haƙarƙarin yadi, an bar bakin kowane aljihu a buɗe ta gaba. Babu ƙarfe babu sanda, iskar da ta shiga ita ce ƙashinta. Domina Jalbert, haifaffen Kanada mazaunin Amurka, shi ya ƙirƙiro wannan fasali, ya nemi rajistarsa a 1964 aka ba shi a 1966. A 1990 kuma Peter Lynn na Niyu Zilan ya fito da keken da ya sa wasan ya bazu. To tunda iska ce ƙashin, ka ga duk ranar da yadin ya daina riƙe iska, laima ta zama tsumma.

Yadin nailan ne mai saƙar dara, wanda aka ratsa da zare mai kauri don kada yagewa ta yi nisa. Nauyinsa yawanci tsakanin giram 27 ne zuwa 45 a kowace murabba'in mita. Saƙa kaɗai ba ta tare iska, shi ya sa a masaƙa ake bin sa da wani siririn shafe na foliyuretan ko silikon wanda ke toshe ƙofofin da ke tsakanin zare da zare. Shi ne ke sa sabuwar laima ta riƙa ƙara kamar takarda idan an taɓa ta. Rana, gishirin teku, gogar rairayi da yawan naɗewa su ke cinye shi a hankali.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan: sabon shafe yana toshe ƙofar iska, amma ba ya mayar wa zare ƙarfinsa. Duk sauran bayanin a kan wannan ya ginu.

Kafin ka zargi yadi, duba igiya

Alamun yadin da ya fara yoyo sanannu ne. Laima takan yi nawar cika, ta ƙi hawa har tsakar ka, ta tsaya a rabin hanya tana ja da baya, kunnuwanta su riƙa lanƙwashewa, idan iska ta ɗan faɗi ta zubo kamar an sare ta. Matsalar ita ce igiyoyin da suka goce daga tsawonsu ma haka suke sa ta yi, tamkar an tsaga kara. Igiyar Dyneema (wani zaren roba mai ƙarfi) da ba ta ɗaukar nauyi sosai takan ɗan tsuke da tsufa, ita kuwa ta gaba mai ɗaukar nauyi takan miƙe. Sai ka tarar birki, wato igiyoyin baya masu rage wa laima gudu, ya ɗaure kansa ba tare da ka taɓa shi ba.

Don haka ɗaura igiyoyin duka a ƙusa guda, ka ja su daidai, ka ga ko ƙarshensu ya zo kai ɗaya. Gwada igiyoyin linzami, wato siraran da ke jikin laimar waɗanda ake ɗaura dogayen igiyoyin a kansu, na dama da na hagu, ɗaya bayan ɗaya. Sassauta birki da 'yan santimita, ka zazzage rairayin da ya taru a gindin aljihuna, sannan ka sake tashin ta. Ba sau ɗaya ba na ga mutum ya shirya sayen man shafe, ashe damtsen rairayi ne a gefen baya ya hana laimarsa tashi. Idan ta gyaru, alhamdu lillahi, ka bar kaza cikin gashinta.

Gwajin yoyo da gwajin ƙarfi

Masu duba laimar sauka suna da na'urar da ke auna daƙiƙa nawa rubu'in lita na iska ke ɗauka kafin ya ratsa yadi. Sabon yadi kan kai daƙiƙa ɗaruruwa, wanda ya gaji kuwa 'yan daƙiƙu ne kawai. Ba lallai sai ka mallake ta ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce baki. Miƙe fata guda a kan leɓenka ka tsotsa. Yadi mai lafiya zai manne, iska ta ƙi wucewa. Wanda ya mutu za ka ji kana numfashi ta cikinsa kamar ta gyale. Fara da wurin da bai sha wahala ba, wato fatar ƙasa kusa da gefen baya, don ka san yadda mai kyau yake. Sannan ka koma fatar sama, taƙi ɗaya ko biyu bayan goshi, a aljihunan tsakiya. Nan ne rana ta fi duka, nan ne kuma iska ta fi matsa, nan yoyo ke farawa.

Idan kana son abin da za ka rubuta ka kwatanta, samo gorar roba mai tauri mai faɗin baki. Huda ƙaramar ƙofa a gindinta, ka yi zane biyu a jikinta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Toshe ƙofar da yatsa, ka zuba ruwa ya wuce zanen sama amma kada ya taɓa baki. Zura gorar cikin aljihu, ka rufe bakinta da fata guda, ka ɗaure tam da roba, sannan ka saki yatsa. Ruwan ba zai sauka ba sai gwargwadon iskar da ta ratsa yadin. Duba agogo daga zane zuwa zane. Lambar ba ta da ma'ana a wajen kowa sai kai, amma da ita za ka san ko aikinka ya yi amfani. Auna wuri biyar ko shida, ka rubuta.

Gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci, shi ne kuma mutane ke tsallakewa don tsoron amsar. Kama yadin da hannu biyu a wurin da ya fi koɗewa, ka danna babban yatsa da ƙarfi kamar mai son huda shi. Sai ka soka allura kusa da ɗinki ka ɗan ja ta gefe. Idan zare ya tsaya, madalla. Idan ka ji ya tafi ɓararr kamar busasshen ganye, rana ta riga ta cinye nailan ɗin, kuma babu man da zai dawo da shi. Shafe irin wannan laima ma ƙara haɗari ne, don za ta fi riƙe iska, matsin ya ƙaru, ranar da ta doki ƙasa da baki ta fashe daga goshi har gindi. Wannan sai dai a yi jaka da ita ko rumfar inuwa.

Abu biyu kuma da wannan bayani bai shafa ba. Laimar da mutum ke rataya a jikinta ya tashi sama daga kan dutse, da ta dirowa daga jirgi, ba a yi masu gyaran gida, sai wurin masu lasisin dubawa. Sannan laimar ruwa mai bututun da ake hura wa iska, irin wadda 'yan'uwan nan biyu Bruno da Dominique Legaignoux na Faransa suka yi wa rajista a 1984, tiub ne a ciki ke riƙe iskarta ba yadi ba, kuma ruwan tsinka shafe yana iya lalata tiub ɗin da gam ɗin bawul.

Wanki

Shafe ba ya kama datti, ba ya kama gishiri. Cire igiyoyin tashi, ka kitse na linzami ka sa su a leda don kada su harɗe. Buɗe ƙofofin zubar da datti da ke kunnuwa idan tana da su, ka rataye ta baki ƙasa ka karkaɗe. Cika baho da ruwa mai ɗumi kaɗan, ka tsoma ta, ka riƙa juyawa da hannu a hankali. Zubar, ka sake, har sai ruwan ya fito garau. Ban da omo, ban da bilic, ban da injin wanki, ban da matsewa. Inda maiƙo ya taɓa, ɗan sabulu marar ƙamshi da soso mai laushi sun isa, ka ɗauraye sosai.

Shanya a inuwa inda iska ke wucewa. Nailan yana shan ruwa, kuma cikin ɗinki ya fi daɗewa da danshi, saboda haka ba ta kwana ɗaya ko biyu ko da ka ji saman ya bushe.

Idan ka ga tsohon shafen yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana danƙo yana wani wari mai tsami, foliyuretan ne danshi ya ruɓar da shi. Wannan dole ya fita. Jiƙa tsumma da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke goge allon waya da shi, ka murza a hankali har ɓawon ya kau. Aiki ne mai cin rai, amma duk abin da ka ɗora a kan ruɓaɓɓen shafe tare za su zube.

Da ta bushe, naɗe ta ka ɗora a sikelin kicin. Rubuta nauyinta.

Faci tukuna

Duk wata huda, duk wani ɗinki da ya saki, yanzu ne lokacinsa. Yanka facin yadi mai gam a jikinsa, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, ka liƙa ciki da waje, ya wuce yagewar da santimita biyu ko uku ta kowane gefe. Babbar yagewa sai an bi da keken ɗinki. Dalilin gaggawar shi ne, da zarar silikon ya hau yadi, babu facin da zai ƙara kamawa sai wanda aka yi da gam na silikon. Hanya ce da ba a dawowa.

Wane mai za ka shafa?

Ka fara sanin abin da ke jikin yadin. Liƙa guntun salatif ka ɓare. Idan ya kama, foliyuretan ne ko makamancinsa. Idan ya ƙi kamawa, yadin kuma yana santsi a hannu kamar an shafa masa mai, silikon ne. A kan silikon babu abin da ke zama sai silikon.

Abubuwan da ake samu iri uku ne. Akwai na fesawa masu sa ruwa ya zame, irin su Nikwax Tent & Gear SolarProof da 303 Fabric Guard. Suna da amfani ga laimar da ke tashi a kan ƙanƙara ko jiƙaƙƙen rairayi, don ba za ta sha ruwa ta yi nauyi ba, amma kada ka sa ran za su toshe yoyon iska sosai. Ba aikinsu ba ne. Haka SealNGlide na kamfanin Holmenkol, wanda aka yi don filafilan jirgin ruwa, ya fi ƙarfi wajen santsi da korar ruwa.

Akwai foliyuretan na ruwa da ake sabunta tanti da shi, kamar Seam Grip TF na Gear Aid. Wannan yana yin fata ta gaske, ba shi da wari mai hawa ka, kuma faci na kama shi daga baya. Sai dai ana shafa shi ne ta fuskar da tsohon shafen yake, wanda galibi ta ciki ce, ka ga sai ka zura hannu aljihu bayan aljihu. A laima mai faɗin baki yana yiwuwa, a mai rufaffen aljihu kuwa wahala ce tsagwaronta.

Na uku shi ne haɗin gida: silikon na bututu wanda ake toshe bakin gilashi da shi, a tsinka shi da wayit sifirit, wato farin ruwan da masu fentin mai ke tsinka fenti. Shi ya fi araha, shi ya fi ratsa zare, shi na fi amfani da shi ga tsohuwar laimar da ba ni da niyyar sayarwa. Ka tabbata an rubuta silikon ɗari bisa ɗari, marar launi. Wanda aka ce fenti na hawa kansa ba shi ba ne. Kada kuma ka yi kuskuren sayen tina mai zafi ta fentin mota, za ta cinye shafen da ya rage, ta sa launi ya zuba.

Haɗawa, da lissafin nauyi

A nan ne yawancin mutane ke yin gyaran gangar Auzinawa, ni ma a nan na yi nawa. Karon farko na dama shi da kauri, kashi ɗaya cikin huɗu kamar yadda masu gyaran gindin tanti ke yi, na bi fatar sama da ta ƙasa na laɓta. Ta daina yoyo kam. Ta kuma daina tashi, sai in iska ta kai ta ɗauke hular mutum. Tamfol na haɗa, ba laima ba.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Laima mai murabba'in mita 5, idan ka haɗa fatar sama da ta ƙasa da haƙarƙari, yadin ya kai kamar mita 12 ko 13. A giram 40 kowace mita, wajen rabin kilo ke nan. Ƙara mata giram 200 ka ga ka ɗora mata kusan rabin nauyinta. Sifirit duk zai bi iska, silikon ne kaɗai zai zauna. Ashe abin da ka matsa cikin kwalba shi ne iyakar nauyin da za ka ƙara, kuma kai ke da iko da shi tun kafin ka taɓa yadi.

Ni yanzu kashi ɗaya na silikon nake sa wa kashi goma sha biyar na sifirit, a kan sikeli. Ga laima mai mita 5, giram 20 cikin giram 300. Ko duka ya hau fatar sama, giram 4 ne a kowace mita. Zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ka jefa noti uku ko huɗu masu tsabta, ka rufe ka girgiza. Da fari zai yi gudaji kamar kunun da bai damu ba. Ci gaba, minti goma ko fi, har ya koma kamar tsinkakkiyar madara ba ɗigon gudaji. Dama wanda za ka ƙarar a cikin awa guda, don da ya sha iska ya fara kauri.

A waje ake wannan aiki ko a rumfar da iska ke ratsawa. Sa safar hannu ta roba da takunkumi. Babu taba, babu murhu, babu janareto a kusa, don tururin sifirit na kama wuta.

Kada ka fara da tsakiya. Shafa a aljihun ƙarshe na kunne ɗaya, ka bar shi ya kwana. Da safe ka duba: launi ya zuba? Yana danƙo? Ya ɓare da ka murza? Idan lafiya lau, bismilla.

Shafawa

Shimfiɗa leda a kan tebur ko daɓe mai santsi, ka ɗora laima fatar sama tana kallonka. Yanka wata leda mai kauri ko kwali daidai faɗin aljihu, ka zura a ciki. Amfaninsa biyu: yana ba ka wuri mai tauri da za ka goga a kai, yana kuma hana haɗin ya ratsa ya liƙe fatar sama da ta ƙasa. Wanda ya taɓa zama yana ɓamɓare aljihun da ya manne ba zai ƙara mantawa da wannan leda ba.

Tsoma soso, ka matse rabin abin da ya sha, ka goga daga goshi zuwa baya, aljihu ɗaya a lokaci guda. Danna kaɗan don ya shiga tsakanin zare. Yadin zai yi duhu kamar ya jiƙe, haka ake so. Kafin minti biyu su wuce, bi shi da busasshen tsumma marar gashi ka kwashe duk abin da ya kwanta a sama. A cikin saƙa kake son silikon, ba a kanta ba. Idan ka ga wuri yana ƙyalli kamar an zuba man gyaɗa, ya yi yawa.

Ba ko'ina ke bukata ba. Sulusin gaba na fatar sama shi ne wurin aiki, nan za ka tsaya ka yi da kyau, ka bi kan ɗinkin haƙarƙari ma, don ƙofofin allura kan buɗe da tsufa. Sauran fatar sama, shafa ɗaya mai sauƙi ta isa, in ma gorarka ta nuna yana da lafiya ka bar shi. Fatar ƙasa ba kasafai take bukata ba. Haƙarƙari kuwa kada ka taɓa su, da ma da ƙofofi aka yi su don iska ta ratsa daga aljihu zuwa aljihu. Ka guji gefen baya musamman: nauyi a can kamar taka birki ne.

Fara daga aljihun tsakiya, ka yi ɗaya dama ɗaya hagu, kana fita zuwa kunnuwa. In haɗin ya ƙare a hanya, aƙalla ɓangarorin biyu sun yi daidai, laima ba za ta riƙa karkata gefe guda ba. Girgiza kwalbar kafin kowace tsomawa. Kiyaye igiyoyin linzami da maɗaurinsu, don ƙulli mai santsi yana zamewa, haka ma mannen ƙofar datti, in ya sha silikon ya daina kamawa.

Bushewa

Rataye ta ta gefen baya a inuwa, bakin aljihuna a buɗe. In kana da fanka, kunna ta a hankali tana hura cikin bakin, laima ta ɗan kumbura, fatun su rabu. Sifirit zai tashi cikin 'yan awoyi, amma silikon da danshin iska yake nuna, kuma yana fitar da wari kamar ruwan kal yayin da yake yi. Ba ta kwana biyu. Wanda ke inda iska ta bushe ƙarau, irin lokacin hunturu a ƙasashenmu, sai ya ƙara kwana, ya kuma yi aikin a inda ƙura ba ta kai, in ba haka ba zai wayi gari da laima mai fuskar sanfefa.

Alamar ta nuna ita ce warin ya tafi, kuma idan ka haɗa fuska biyu ka matse suka rabu ba tare da ƙara ba. In da sauran ɗan danƙo, barbaɗa hoda kaɗan ka goge. Tsummokaran da ka yi aiki da su, baza su a waje su bushe kafin ka zubar.

Yanzu maimaita awon gora a wuraren nan da ka rubuta, ka kuma ɗora ta a sikeli. Idan lokacin ya ƙaru sosai, ƙarin nauyin kuma bai wuce 'yan giram goma-goma ba, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Inda har yanzu yake yoyo, ƙara siririn shafe na biyu a wurin kaɗai. Sirara biyu sun fi mai kauri ɗaya.

Tashin gwaji

Zaɓi ranar da iska ke kaɗawa a natse, kamar kilomita 15 zuwa 20 a awa, a fili mai faɗi nesa da wayar lantarki da titi. Sa hular kwano, ka gwada abin sakin gaggawa kafin ka ɗaga ta. Lura da saurin cikarta, da ko tana hawa har tsakar ka ta zauna. Wataƙila sai ka sake daidaita birki, don laimar da ta dawo riƙe iska takan yi gaba da sauri fiye da yadda hannunka ya saba, har ta wuce kanka ta zubo. Kada ka hau keke ko ka shiga ruwa da ita a ranar farko.

Ba za ta koma sabuwa ba. Ƙarar takardar nan ta tafi ke nan, kuma yadin da ya riga ya miƙe ya yi ciki, shafe ba ya tsuke shi. Shafen ma zai goge da amfani, musamman a rairayi, don haka ajiye gorarka da takardar awonka, ka sake gwadawa farkon kowace kakar wasa. Rubuta ranar da abin da ka shafa a jikin jakar, don ranar da za ka yi faci ka tuna irin gam ɗin da zai kama, kuma in laimar ta koma hannun wani ya san abin da ya karɓa.

Ragowar haɗin da ke kwalba ba ya ajiyuwa, kafin gobe ya daskare kamar tuwon jiya. Shafe shi a gindin jakar laimar, ko a ɗinkin tanti, ko a tsohuwar laimar ruwan sama, ka bar kwalbar a buɗe a waje ta bushe, sannan ka ciro notinka.